Kwabo a tsakiyar ƙusoshi: abin da ke ruɗa na'urar gano ƙarfe a kufai

Tun daga 2014, lokacin da labarin zinaren Jado na arewacin Nijar ya game ƙasar Hausa, na'urar gano ƙarfe ta daina zama baƙon abu a ƙauyukanmu. Samari da yawa sun tafi, wasu sun samo, wasu kuma na'urar kawai suka dawo da ita. Ganin ta jingine a ɗaka yana ci wa mai ita rai, shi ya sa za ka ga mutum ya saɓa ta ya nufi wani kufai a bayan gari, ko filin tsohuwar kasuwar da ta tashi, ko gefen tashar jirgin ƙasa da ta mutu, ko Allah zai sa ya dace da kuɗin mutanen da. Abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne a ko'ina. Na'ura ta yi ta kuka tun hantsi, a haƙa a ciro ƙusa, a haƙa a ciro guntun fartanya, a haƙa a ciro gwangwanin tumatir. Kafin la'asar an yanke hukunci: ko na'urar jabu ce, ko wurin babu komai. Sau da yawa duka biyun ba haka ba ne. Na'urar lafiyarta ƙalau, kuɗin ma suna nan kwance. Baƙin ƙarfe ne ya shiga tsakani, kuma wanda bai fahimci yadda yake shiga ba zai yi ta taka sule yana wucewa.

A fara da abin da na'urar take yi. Faifan nan da ke ƙarshen sanda, wanda ake shafa ƙasa da shi, waya ce aka nannaɗe a cikinsa gida biyu. Naɗi na farko yana tura maganaɗisu cikin ƙasa, yana juya shi gaba da baya sau dubbai a daƙiƙa guda, galibi tsakanin 5,000 da 20,000 a na'urorin da suka fi yawa a hannun mutane. Duk ƙarfen da wannan maganaɗisu ya ratsa, sai wata 'yar wutar lantarki ta tashi tana kewaya jikinsa, ita kuma ta haifar da nata maganaɗisun. Naɗi na biyu aikinsa sauraron wannan amsa. Amsar ba ta dawowa a daidai lokacin da aka aika, tana ɗan makara, kuma wannan makarar ita ce kusan duk ilimin da na'ura ta mallaka. Azurfa da jan ƙarfe, da yake wuta na gudu a jikinsu ba tare da wahala ba, amsarsu tana makara sosai, sai na'ura ta ba su lamba babba da murya siririya. Takardar kwalin sigari da ƙananan guntayen sanholo suna samun lamba ƙarama. Baƙin ƙarfe kuwa, saboda mayen ƙarfe yana kama shi, janye maganaɗisun yake yi zuwa cikin jikinsa, amsarsa ta fito ta wani ɓangare dabam, na'ura ta ajiye shi can ƙasan ma'auni da murya mai kauri, irin ta gurnani.

Ke nan na'ura ba ta ganin kwabo, ba ta ganin ƙusa. Lissafi take yi a kan amsa guda ɗaya da ta shigo faifanta. Idan abu ɗaya ne a ƙarƙashin faifan, lissafin yakan fita daidai. Idan biyu ne, amsoshinsu haɗuwa suke yi su zama ɗaya, na'ura ta ba ka lambar abin da babu shi a ƙasa. Sule na azurfa da ya kamata ya hau can sama, in ƙusa tana kwance kusa da shi, sai lambar ta gangaro tsakiya, ko ta faɗa cikin rukunin baƙin ƙarfe gaba ɗaya.

Sai maganar nisa, wadda ta fi komai muni. Amsar ƙaramin abu tana raguwa da sauri ƙwarai yayin da yake nisa da faifai. In abin ya riga ya ɗan yi zurfi, ninka nisan sau biyu yana iya rage ƙarfin amsar har kusan sau 64, don maganaɗisun yana raunana a tafiya, amsar ma tana raunana a dawowa. Saboda haka ƙusa 'yar ƙarama da ke yatsa uku daga sama tana danne sisin da ke zurfin taƙi guda, ko da sisin ya fi ta girma da daraja. Kamar ka tsaya a bakin injin niƙa ne kana son jin abin da yaro ke faɗa maka daga tsallaken hanya: yaron yana magana, kunnenka ma lafiya lau, injin ne ya fi kusa.

Wannan matsala tare da na'urar aka haife ta. A 1881, bayan an harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, mutumin da ya shahara da ƙirƙiro wayar tarho, ya haɗa wata na'ura mai irin wannan aiki don a gano inda harsashi ya maƙale a jikinsa. Na'urar ta yi ta ba da amsa mai ruɗani, ba a gano harsashin ba, kuma cikin dalilan da aka bayar har da wayoyin ƙarfe da ke cikin katifar da shugaban yake kwance a kai. Shekara fiye da 140 ke nan, an samu allon lambobi da kwamfuta a cikin na'ura, amma ƙarfen da ba shi ake nema ba har yau shi ke fara amsawa.

Mu kuwa a karkarar Kano da Jigawa ƙasarmu ta sha baƙin ƙarfe fiye da yadda mai kallo zai zata. Tarihin baka ya ce maƙeri ne daga Gaya ya zo Dala neman tama, wato tun kafuwar gari da ƙira aka fara. Duk tsohon ƙauye yana da maƙera, kuma inda maƙera ta zauna shekaru, kashin maƙera da ɓarɓashin ƙarfe sun cakuɗa da ƙasa har ba a rabewa. Ga bakin fartanya da ya karye aka yar, ga lauje, ga tsinken sungumi, ga linzami, ga ƙusoshin ƙyaure. Daga baya kwanon rufi ya zo, ya ruɓe, ya farfashe. Sannan akwai abin da ya keɓanta da gonakin kewayen Kano: takin bola. Shekara da shekaru manoman Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu da Gezawa suna ɗebo sharar birni a mangala a bayan jaki, daga baya a tifa, suna zubawa a gona. Takin ya ruɓe ya zama abinci, amma murfin kwalba da mataccen batir da gwangwanin madara suna nan. Abin da ya sa gonar ta yi albarka shi ya sa na'ura ba ta samun sukuni a cikinta.

Kuma ga inda gizo ke saƙar: inda ƙarfe ya fi yawa nan mutane suka fi zama, inda mutane suka fi zama nan kuɗi ya fi faɗuwa. Wanda ya gudu daga gurnanin ƙusa ya koma fili mai shiru ya huta da haƙa, amma ya bar kuɗin a baya.

Wane irin kuɗi ma ake nema? Wannan tambaya tana da muhimmanci, don kowane kuɗi da muryarsa. Kafin zuwan Turawa wuri ne kuɗin kasuwar Kano, shi kuwa ƙwanso ne, ko tulu guda aka binne na'ura ba za ta ce uffan ba. Kuɗin ƙarfen wancan zamani shi ne liyari, babbar azurfar nan ta Ostiriya mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, nauyinta giram 28. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin irinta a kan wuri 2,500. Liyari ba ya ɓuya wa na'ura in ba ƙarfe babba ne ya hau kansa ba, sai dai ba abin da talaka ke yarwa a hanya ba ne.

Kuɗin Turawa na wannan yanki sun fara fitowa a 1907: kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko na sanholo ne, bai yi ƙarko ba, a 1908 aka mayar da shi gamin jan ƙarfe da nikel irin na kwabo. Ɗari ya biyo baya a 1911. A 1913 aka fito da na azurfa, wato taro da sisi da sule da fataka, har zuwa 1920 lokacin da azurfa ta yi tsada aka koma gamin tagulla. Kwabo ya koma ja a 1952. Najeriya ta buga nata kuɗin a 1959, sannan naira da kobo suka shigo ranar 1 ga Janairun 1973. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya biyo wajen 1930, kuma cinikin gyaɗa ne ya watsa waɗannan sulalla har cikin ƙauyukan da ba su taɓa ganin Bature ba.

To ga abin lura. Gamin jan ƙarfe da nikel wuta ba ta gudu a jikinsa da kyau, don haka farin kwabo mai huji da anini ba sa hawa sama a ma'auni. Suna zama a tsakiya ko ƙasa da tsakiya, a unguwa ɗaya da kunnen gwangwanin lemo da tarkacen sanholo. Anini ma, saboda ƙanƙantarsa, ba shi da nisa da iyakar baƙin ƙarfe. Duk wanda ya murɗa maɓallin tacewa sama, wai kada na'ura ta yi kuka sai a kan abu mai daraja, ya sallami anini da kwabo tun kafin ya taka gona. Kuɗin 1991 zuwa sama kuwa, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay da 'yan'uwanta, cikinsu baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Gwada da mayen ƙarfe ka gani, ɗaf zai kama. In na'ura ta kira su ƙarfe ba ƙarya ta yi ba.

Ƙarfen ma yana da nasa yaudarar ta ɗaya ɓangaren. Ƙusa miƙaƙƙiya mai gaskiya ce, gurnani take yi. Amma faffaɗan guntun kwano, da murfin kwalba, da zoben ƙarfe, da ƙusar da ta lanƙwashe, wuta tana samun hanyar kewayawa a jikinsu yadda take kewaya kwabo, sai su yi siririyar murya su ba da lamba mai kyau. Bakin ƙusa mai tsatsa ma yakan yi ɗan tsuwa idan gefen faifai ya gifta shi. Wato a kufai ƙarfe yana ɓoye kuɗi, kuma yana shigar burtu da muryar kuɗi.

Kafin mutum ya je ko'ina, ina ba shi shawara ya yi wannan gwaji a tsakar gida, a wurin da ya tabbatar babu ƙarfe. Ya ajiye tsohon kwabo a ƙasa, ya wuce da faifai a kai, ya riƙe lambar da muryar. Sai ya kawo ƙusa mai inci uku ya kwantar da ita yatsa biyu daga kwabon. Ya wuce ta tsawon ƙusar, zai ji kwabon ya ɓace ko muryarsa ta dushe. Ya zagaya ya tsaya ta gefe, ya gicciye ƙusar, sau da yawa zai ji wani ɗan "tik" siriri ya leƙo daga cikin gurnanin. Sannan ya ɗora ƙusar a kan ɗan katako ko bulo, ta fi kwabon kusa da faifai, ya sake gwadawa. Abin da kunnensa zai koya a wannan zama ya fi abin da zai koya a wata guda yana haƙa a makance.

Daga wannan gwaji dabarun suke fitowa. Na farko faifai. Mutanenmu suna son babba, don an ce ya fi nitso, kuma gaskiya ne a fili mai tsabta. A kufai kuwa babban faifai, irin mai inci 11 da ake sayar da na'ura da shi, yana iya rufe ƙusa uku da kwabo ɗaya a lokaci guda. Ƙarami mai inci 5 ko 6 yana shiga tsakaninsu ya ji kowanne shi kaɗai. An rasa ɗan zurfi, amma zurfin da ƙarfe ya toshe dama ba naka ba ne. A cikin ire-iren faifan ma, wanda naɗinsa biyu suka haɗu a tsakiya suka yi siririn layi daga gaba zuwa baya ya fi mai zobe cikin zobe iya raba abubuwa biyu da ke maƙwabtaka.

Na biyu, kada a kashe muryar ƙarfe. Wannan ita ce shawarar da ta fi wuyar karɓa, don gurnani ba daɗi, ga rana ga ƙishirwa. Amma idan ka umarci na'ura ta yi shiru a kan ƙarfe, shirun yakan haɗiye abin da ke biye da ƙusar. A rage ƙarar gurnanin in na'urar tana da wurin ragewa, a bar shi yana shigowa ƙasa-ƙasa, a sa abin sauraro a kunne. Lambar allo a irin wannan wuri shaida ce mai rauni. Abin da ake bi shi ne murya siririya da take maimaita kanta a wuri ɗaya, ko da gajeriya ce, ko da daga ɓangare biyu kawai take fitowa cikin huɗu. In ka zagaya muryar tana tsalle, yanzu tana nan an jima tana can, kuma gurnani ya kewaye ta ta ko'ina, yawanci bakin ƙusa ne. In ka ɗaga faifai taƙi guda sama har yanzu tana ihu, ba kwabo ba ne, wani babban abu ne irin ruwan garma ko kwano.

Sai saurin farfaɗowa. Bayan na'ura ta ji abu ɗaya tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta shirya jin na gaba. Sababbin na'urori irin Equinox na kamfanin Minelab da Deus na kamfanin XP na Faransa suna barin mutum ya ƙara wannan sauri, ya biya da ɗan zurfi. Wanda tasa tsohuwa ce ba shi da wannan maɓalli, amma yana da hannunsa: ya rage saurin lilon faifai, ya gajarta shi, kowane lilo ya hau rabin na baya. Ƙarfin ji ma a sassauta shi. Ƙure shi a cikin tarkace ba ya ƙara komai sai hayaniya.

Na'urar Jado fa? Yawancin manyan na'urorin zinare, irin su GPX, wani tsari suke bi: suna harba maganaɗisu bugu-bugu su saurari yadda yake mutuwa. Sun fi nitso, ba sa damuwa da jar ƙasa, amma ba su da gwanintar raba ƙusa da sule. A hamada wannan ba illa ba ce, tunda ƙusa ba ta da yawa. A kufan ƙasar Kano kuwa za ta sa ka haƙa rami har gwiwa a kan guntun lauje. Ƙaramar na'ura mai tacewa, mai rahusa a kanta nesa ba kusa ba, ta fi ta amfani a nan.

Ita kanta ƙasar tana da baki. Rairayin jigawa irin na wajen Jahun da Kafin Hausa ba shi da rigima, ga sauƙin haƙa. Amma inda marmara take, ko jar ƙasar gindin duwatsu irin ta Dutse da Birnin Kudu da Rano, akwai sinadarin ƙarfe a cikin ƙasar kanta, sai an daidaita na'ura da ita: a sami wuri mai tsabta a riƙa ɗaga faifai ana saukewa har ta yi shiru. A yi wannan a gefen kufai, don in aka daidaita a kan ƙusar da ke ɓoye, duk aikin ranar ya karkace. A gona mai kunya a bi tsawon kunyar, kwari dabam tudu dabam, kada faifai ya riƙa hawa da sauka. Huɗar kowace shekara tana motsa ƙasa, tana raba ƙusa da kwabon da ta danne, shi ya sa gonar da ta yi shiru bana tana iya magana baɗi. A nisanci manyan wayoyin lantarki, a kashe wayar aljihu.

In wuri ya nuna alama sosai, misali an tsinci fasassun tukwane da kwabo ɗaya ko biyu a ɗan fili, dabara mafi inganci ita ce mafi wahala: a kwashe ƙarfen. A shata taku uku a taku uku, a ja mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a kan ƙasa ya tsince na sama, a haƙe duk wani gurnani, sannan a sake bi. Ƙarfen a tara shi a buhu, 'yan gwangwan suna saye, manomi kuma ya huta da abin da ke yanke masa ƙafa.

Manomin nan kuwa da shi ake farawa. Ba a shiga gonar mutum sai an same shi an gaisa, an ce Baba ga abin da ya kawo mu, an yi magana a kan abin da za a yi in an samu, kuma mai unguwa ko dagaci ya sani. Bayan kaka ake yi, ba lokacin da shuka ke ƙasa ba, kuma duk ramin da aka tona a mayar da shi. Maƙabarta, tsohuwa ko sabuwa, ba wurin na'ura ba ce, kufai da yawa kuma suna da kaburbura a gefe waɗanda dattawa ne kawai suka san inda suke. A fiƙihun Malikiyya, dukiyar da aka binne tun jahiliyya ita ce rikazi, ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Wadda alama ta nuna ta Musulmi ce hukuncin tsintuwa take ɗauka, sai an yi cigiya, kuma kuɗin zamanin Turawa da aka tono a kangon gidan da jikokin mai shi suna raye ba na mai na'ura ba ne kai tsaye. A tambayi malami. Dokar ƙasa ma tana nan: doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izininta ba, ta wajabta sanar da ita in an ci karo da su, ta kuma hana fitar da su waje sai da izini. Ganuwa, tsohon wurin narka tama, da wurare irin duwatsun zane na Birnin Kudu, a bar su. Wanda ya tono abin da ya fi ƙarfin saninsa, gidan tarihi na Gidan Makama yana nan a Kano. Abin yana yi mini ciwo in ga an farfasa tukunyar da ta shekara ɗaruruwa a ƙasa don ana zaton zinare ne a ciki.

Game da daraja, gara mutum ya sani tun da wuri. Kwabo mai huji an buga shi miliyoyi, ba ya sayen babur, balle mota. Hatta na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila kafin shekara ta zagayo, yana da ban sha'awa amma ba shi da wuyar samu. Masu yawo suna cewa akwai Bature mai sayen kwabo kaza a kan miliyoyi, sai dai a fara biyan kuɗin gwaji, 'yan damfara ne. Sulen azurfa na kafin 1920 da liyari suna da kuɗinsu, na nauyin azurfa da na masu tara kayan da. In an dace da ɗaya, kada a goge shi da toka ko yashi ko lemon tsami, don gugar tana cinye rubutun da shekarar, su ne kuwa mai saye yake dubawa. A wanke da ruwa kawai, a shanya, a naɗe a takarda, a rubuta gonar da aka same shi da zurfin da yake.